Notocin Garma a Kufan Maƙera

Daminar da na bar aikin lodi a Kano na dawo gida, Baffana ya damƙa mini tsohuwar taraktarsa, don ƙafafunsa sun fara kumburi, hawa ya gagare shi. Gonakin mutane nake bi a wajajen Zango ina huɗa, har layi ya zo kan wata gona da ya saya a gefen kufai, inda aka ce dā maƙera ne suka zauna.

Ban yi nisa a cikinta ba na ji ƙas, garma ta karkace. Notocin da ke riƙe da ita sun karye, guntayen sun maƙale a ramukansu. Muka ɗora ta a amalanke zuwa wajen wani bakanike a Daura. Bakaniken ya aza wani noti a kan kowane guntu, ya yi masa walda, ya bari ya huce, sannan ya murɗo shi waje a hankali da sifana. Ya ce kashin maƙera ne, wato dunƙulen dattin ƙarfen da suka narka, binne a ƙasa yake kama garma, jijjiga kuma ta sassauta ɗauri, in ɗauri ya sassauta ƙarfe sai karyewa. Ya sa washa, ya ɗaura noti kan noti, ya huda su ya zura waya ya murɗe. Har jan fenti ya ɗiga musu, don in gane in sun motsa.

Washegari na koma. Aiki ya tafi lafiya har azahar. Na kashe inji a inuwar wata tsamiya, na matsa bakin gona na tada salla. Ko akuya babu a wurin. Ina raka'a ta biyu na fara jin ƙwanƙwasa, siririya, a natse, kamar ana bugun ƙarfe a nesa. Ina sallamewa ta tsaya.

Na tarar da garma zube a ƙasa. Notocin na jere a kan kujerar tarakta, manya gaba, ƙanana baya, kowanne da washarsa a kai. Wayar ba a yanke ta ba, an warware ta ne an miƙe ta sambal. Na taɓa ɗaya, ya ƙona ni, alhali a inuwa yake. Na duba ƙasa ko'ina, sawun takalmina kaɗai na gani.

Da tsumman goge mai na kwashe su na nufi gida. Baffa ya saurare ni har na gama, bai yi dariya ba. Ya tambaya ko na zagi wani a gonar, na ce a'a.

"To, ɗana, mayar musu. A jere, yadda ka same su."

Na mayar kafin la'asar, na jera su a gindin tsamiyar, na ja tarakta na fito ba waiwaye. Garmar sai da na nemi mutane muka ciccibo ta. Bakaniken ya sa mata sabbin notoci, amma da na roƙe shi ya zo ya ga wurin da idonsa, ya ce aiki ya yi masa yawa.

Baffa bai ƙara noma gonar ba. Da ya rasu aka raba gado, ita ta faɗo a rabona. Sabara ta cinye ta yanzu. Makiyaya kan roƙi izinin kiwo, ina ba su, sai dai sun ce shanu ba sa kwanciya a ciki.