Gyauron da Ya Cinye Sunan Yaya Sabo

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sabo, amma har yau bakin mutanen Kurmin Mashi bai sauka daga kansa ba.

Kiwon shanun nama ne sana'arsa. Duk shekara 'yan unguwa kan haɗu su sayi bijimai su ɗaure a turkensa, ya kiwata musu har Sallah a yi watanda. Wata rana ya tafi gaisuwar mutuwa Badarawa, ya bar mini bijimai uku in kula da su. Ni ma'aikacin ofis ne, sanina da saniya bai wuce cikin miya ba. Ruwan farko ya sauka ya ɗauke, na hango wata gona ta yi kore shar, na yanko na zuba musu, ina ganin na yi abin kai. Ashe gyauron dawa ne, wanda kowane makiyayi ya san ɗanyensa guba ne. Kafin la'asar suna kwance, ciki a kumbure, baki na kumfa. Ko wuƙar yanka su ban yi dabarar nema ba, har suka zama mushe.

Da masu shanun suka taru, Yaya ya dube ni sau ɗaya, ya ce musu, "Ni na yanko, ku yafe ni."

Ba su yafe ba. Suka laƙaba masa Sabo Mushe. Mutanen da suka shekara ashirin suna lashe hannu da kitsen kiwonsa suka ce dama can bai iya komai ba. Ko akuya ba wanda ya sake ba shi. Shekara biyu ya yi yana share turken da babu komai, sannan hawan jini ya kayar da shi. Wurin jana'izarsa wani ya tambaya a bayana, "Wane Sabon, Mushe?" Na ji sarai, na yi shiru.

Da zai leƙo yau, zai tarar an gina shaguna inda turkensa yake. Zai kuma tarar ni ake kira in raba gardamar watanda, wai ni mutum ne mai gaskiya. Ban san ko dariya zai yi ba. Na tsani waɗanda suka sa masa sunan nan, amma aƙalla su ba su san komai ba.

Abin da ya rage nasa shi ne 'yarsa Hadiza, wadda ta girma ana nuna ta da sunan da ba ubanta ya kamata ya ɗauka ba. Hadiza, ni na yanko ciyawar nan. A jarida na faɗa, don har yanzu ba ni da ƙarfin halin duban idonki.