Ajin da Na Rasa Saboda Kunyar Zagayawa

Ɗalibaina da abokaina, kun daɗe ba ku ji ni a nan ba. Jiya wani matashin malami ya rubuto mini cewa bayansa na ciwo wata da watanni, likita bai ga komai ba, har ya fara zargin abokan aikinsa. Shi ya sa yau zan faɗi abin da na daɗe ina ɓoyewa.

Ba da jimawa da samun ƴancin kai ba aka tura ni wani ƙauye a gefen Ɗan Kassari. Ni ne mushe, wato malami, ni ne direkta. Ajin rumfar zana ce. Iyaye ba da son ransu suka ba ni ƴaƴansu ba, sai da na bi gida gida ina lallashi. Na yi musu alkawari: ku bar mini su, za su karanta muku wasiƙa da bakinsu.

A inda aka horar da mu an cusa mana cewa mushe ba baƙauye ba ne. Ba ya zama a tabarma, ba ya riƙe hauya, ba a ganin yatsun ƙafarsa. Na sayi takalmi sau-ciki a Dutsi, ya matse ni, na ce zai saki. Bai saki ba.

Lakkol ɗin, wato makarantar, ba ta da makewayi. Ina jin kunyar ƴan lakkol su ga mushe ya nufi bayan sabara. Sai na daina shan ruwa daga safe har la'asar, a zafin Arewa. Goro da baƙin kafe su ne abincina. Idan yara suka tashi, in duƙa a kan ɗan bencinsu ina gyaran kaye, wato littattafan rubutunsu, har wuyana ya ƙage.

Ciwon ya fara a ƙugu. Ya hau baya, ya kama wuya, ya zauna a kai. Wata rana alli ya faɗi, na kasa sunkuyawa in ɗauka, a gaban aji.

A dispansar aka ba ni asfirin da allurai. Aka tura ni Doso, daga can Yamai. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙashi. Likitan ya ɗaga hoton a haske ya ce da Faransanci, "Ba ka da komai." Ko ƙafata bai kalla ba. Kekena na sayar na yi kuɗin tafiya, duk don in ji wannan maganar.

Tsoro ya kama ni. Ciwon da ba shi da suna ya fi kowane ciwo cin rai.

Kafin in dawo, ƙauye ya riga ya sa masa suna. Aka ce doguwa, aljanar da ke gawon bayan lakkol, ita ce ta buge ni. Na ba da baƙar akuya a yanka mata, ban musa ba, don ni ma na fara yarda. Da iyaye suka ga mushe da kansa ya yarda, me ya rage? Wani dattijo, Baba Ɗan Baro, ya zo ya kama hannun ɗansa Mamman a tsakiyar darasi.

Na ce, "Baba, ka bar shi ya gama shekara."

Ya ce, "Mushe, kai da ka san boko ga yadda ta yi da kai. Nawa ɗa guda na."

A cikin wata ɗaya rumfar ta zama wurin kwanan awaki. Aka rufe lakkol.

Na koma gidanmu a Guéchémé ina jan ƙafa. Can akwai wani tsohon ma'aikacin jinya, Kirista, kowa na ce masa Majo. Bai taɓa ni da allura ba. Ya zaunar da ni ya ce, "Ɗana, faɗa mini yininka tun daga asuba." Na faɗa. Ya ce, "Mi ka sha?" Na ce baƙin kafe kawai. Ya ce in tuɓe takalmi. Da ya ga yatsuna sun hau juna, ya yi tsaki.

"Kai ko jaki aka yi wa haka sai shi gurgunce. Wa ya ce maka Nasara ba shi fitsari?"

Inna tana bakin ƙofa, ta ce, "Majo, tun da ya sa abin nan ban sake ganin tahiyar ɗana ba."

Maganin da ya ba ni: ruwa, fura, takalmin fata buɗaɗɗe, barci, da hauya kaɗan kaɗan a gonar gero. Kafin a yi girbi ina sunkuyawa in ɗaure dami.

Na warke. Amma sai bayan shekaru aka sake buɗe lakkol a ƙauyen, lokacin yarana sun wuce shekarun shiga. Bara na haɗu da Mamman a kasuwar Dutsi, gemunsa fari kamar nawa. Yaron da ya fi kowa lissafi. Ya gaishe ni da ladabi, ya miƙo mini takardar magani ya ce, "Mushe, karanta mini." Na karanta masa.

Har yau ina jin haushin waɗanda suka koya mana raina jikinmu da sunan wayewa. Na fi jin haushin kaina da na yarda.

Na gode wa Allah da ya tashe ni. Majo da Inna sun rigaye mu, ban biya su ba ko da rabi.

Ku matasa, in jiki na ciwo ku je asibiti, kada ku tsaya jira. Amma ku tafi da labarin yininku duka: zamanku, takalminku, abin da kuke sha, awa nawa kuke duƙe a kan waya. In likita bai tambaya ba, ku faɗa da kanku. Kafin ku zargi iska ko maƙwabci, ku tambayi kujerarku.

Ku malamai kuma, ku sha ruwa, ku tashi ku zagaya. Yaran za su yi dariya minti ɗaya, su koma karatu. Nawa ba su yi dariya ba, kuma ba su koma ba.