Kyamarar da ke gani ko a kashe

Har yau ban manta da wata ranar kasuwar Jibiya ba, cikin bazara, a shekarar da gidan rediyonmu ya fara sa bidiyo a shafinsa na intanet. Ni ne mai shirya shirin kasuwanci. Mai ɗaukar hotonmu Malam Ilu ne, mutumin garin Kusa, wanda ya daɗe yana hoton biki da taro kafin a ɗauke shi aiki.

Bari in yi bayani don waɗanda ba su riƙe kyamara ba. Kowace tana da 'yar taga da ake kara ido a kai. A tsohon samfuri, madubi ne a ciki yake karkato hasken da ya shigo ta gilashin gaba zuwa idonka, saboda haka ko a kashe take kana gani. Da ka fara ɗaukar bidiyo sai madubin ya ɗaga, tagar ta yi baƙi, ka koma duba allon baya. Sabon samfuri ba shi da madubi. Ɗan ƙaramin allo ne a cikin tagar, yana nuna maka hoton yadda zai fito, amma sai an kunna. Malam Ilu tsohuwar yake riƙewa, kuma yana da al'ada irin ta mutanen zamaninsa: yakan zaɓi inda zai ɗauka da kyamarar a kashe, don kada batir ya ƙare.

Ƙa'idar aiki a kan iyaka ita ce ku fara gabatar da kanku ga babban jami'in da ke bakin aiki, shi zai faɗa muku iyakarku. Na ranar, wani dogo mai anini biyu a kafaɗa, ya ce mu ɗauki kasuwa da tasha da layin manyan motoci, amma ban da shingen bincike, ban da fuskar jami'i. Muka amsa.

Da hantsi muka samu abin da ya kawo mu. Wani direban Maraɗi mai dakon albasa ya yarda ya yi magana a kan yadda jira ke ruɓar da kaya. Ya iya bayani, har ya buɗe buhu ya nuna mana. Muna gamawa aka yi masa hannu, ya ja motarsa ya wuce. Hirar tana cikin katin kyamara, ba mu da ita a wani wuri, kuma a kanta zan gina shirin makon.

Saura hoton layin motoci. Malam Ilu ya ɗaura dogon gilashi, ya kara ido, yana bin layin mota bayan mota. Layin kuwa a bakin shinge yake ƙarewa. Ban ankara ba sai ga wani ƙaramin jami'i ya dafe kyamarar, ya tasa mu zuwa rumfar babbansu.

"Ba mun yi magana da ku ba?" in ji babban.

"Yallaɓai, a kashe take," in ji Malam Ilu. "Leƙe kawai nike."

"A kashe kake leƙe? Malam, ofishinmu ma akwai kyamara. In ba a kunna ba, duhu ne a ciki. In kana gani, tana aiki. A goge katin."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a duba katin tukuna."

"Ni zan zauna kallon fim ɗinku, motoci na jirana?"

Malam Ilu bai yi musu ba. Ya zare batir ya ajiye a kan tebur, ya miƙa masa kyamarar. "Don Allah kara idonka nan."

Jami'in ya kara. Ya juya ta wajen tasha, ya ɗan jima. "Ikon Allah. Ga mai rake can yana faɗa da ɗan acaɓa." Ya sauke, ya dubi batirin, ya sake karawa. Malam Ilu ya yi masa bayanin madubi, ya mayar da batir, ya danna bidiyo, tagar ta rufe. "Ka gani? Wagga in tana ɗaukar bidiyo ba a gani ta nan. Hoto kuwa sai ta yi ƙara, da yaronka ya ji."

Na ɗauka magana ta ƙare. Jami'in ya juya kyamarar wajen shinge ya leƙa, sai fuskarsa ta canza.

"Na yarda ba ka ɗauka ba," ya ce. "Amma daga nan ina karanta sunan da ke ƙirjin yarona. Wato tabarau ne mai jawo nesa, ba batir, ba wata 'yar fitila da za ta nuna ana kallonmu. Dattijo, ka wanke kanka daga laifi ɗaya ka faɗa wanda ya fi shi."

Abin da jami'in ya faɗa kuwa gaskiya ne.

A ƙarshe ya ce a kunna masa abin da ke katin. Ya kalli hirar direban har ƙarshe. Ya zare katin da hannunsa ya ba ni, ya ce kyamarar za ta zauna a teburinsa, da murfi a bakinta, sai za mu tafi. Hoton layin motoci da wayata na ɗauke shi, ina bai wa shinge baya. Da azahar muka karɓi kayanmu. A mota Malam Ilu ya yi ta mita: "Na nuna mashi gaskiya, ya ɗauke ta ya buge ni da ita." Shirin ya fita da hirar a cike.

Abin da na koya shi ne, mu masu kyamara hankalinmu yana kan abin da ke faruwa a cikinta: madubi ne ko allo, tana ɗauka ko ba ta ɗauka. Wanda ke tsaye a gabanta bai san wannan ba, kuma ba aikinsa ba ne ya sani. Abin da yake gani shi ne bakin kyamara an saita shi a kansa. Shi ya sa nake gaya wa sababbin ma'aikata, idan aka ce kada ku ɗauki wuri, to kada gilashin ya kalli wurin, ko da batirin yana aljihunku.