Mai Neman Rana a Kasuwar Tsarnawa

Tun hantsi Shatu mai ƙosai ke kallon baƙon nan da ke tsugune bayan rumfar masu hatsi. Siriri ne, wuyansa ya yi wa kwalar rigarsa kaɗan, takalminsa na birni ya sha ƙasa. An ce daga jami'ar Yamai aka turo shi ya nuna wa manoma yadda rana ke kashe ƙwarin wake ba tare da magani ba. Ya baza waken wani tsoho, Abarshi, a kan baƙar leda, ya rufe da farar leda, ya danne gefuna da duwatsu.

Yana cusa hannu ƙarƙashin ledar ya ji zafi, yana fiddawa, yana duban gabas. Can hadari ke haɗuwa, na fari a bana, bayan an yi ta roƙon ruwa. Shatu tana jin ba a saba ba shi aron ko ƙwaya ba, ga shi yau waken gida guda na hannunsa. Wataƙila can ma wani babba ke jiran ya koma da labari.

"Malam, wanga abu sai da rana yaka yi?" in ji Abarshi.

"Sai da ita, Baba."

Iska ta taso, kasuwa ta ɗauki "Allah ya ba mu ruwa!" Baƙon ya ɗaga hannu ɗaya ya ce amin tare da kowa. Ɗayan hannun na danne da bakin ledar.