Rumbun Yaya Najiba

A bakin Inna na fara jin sunan Najiba, ina ƙarama, ranar da na yar da wani tsohon murfin tukunya. Ta tsince shi ta ce, "Da 'yar Gwaggonki ta Malumfashi ce, Najiba, da ta adana. Yarinyar nan ko zaren buhu ba ta yarwa."

Sai da na gama sakandare na san ta sosai. Lokacin tana Funtua, ita da abokin aikinta Talha, a wani ɗan shago, suna rubuta manhajar waya wadda ke gaya wa manomi da murya yawan maganin da zai zuba a tankin feshi. Babanmu a Tsiga da manhajar nan yake feshin wakensa.

Ita ta nuna mini cewa ba a rubuta manhaja duka da hannu. Akwai guntaye da wasu suka riga suka rubuta, suna can a wata babbar ma'ajiya a intanet. Kai dai ka faɗi waɗanda kake so, sai wata manhajar da ke haɗa aikin, wadda take kira magini, ta je ta ɗebo su ta gina. Talha yakan bar magini ya ɗebo sabon fitowa kullum. Ita kuwa sai ta ƙayyade wa kowane guntu lambar fitowar da take so, ta kuma ajiye kwafinsa a kwamfutarta.

"Hajiya Rumbu," in ji Talha, "duniya ta ci gaba, ke kina tara tsummokara."

"Malam Sabon-yayi, gidanku a kasuwa kuke sayen iri ranar shuka?"

"Mu 'yan birni ne."

"Shi ya sa."

A damunar da aka katse layukan waya a yankinmu saboda matsalar tsaro, wani sabon maganin feshi ya shigo kasuwa, ya fi tsohon ƙarfi. Manhaja ba ta san shi ba, tana ba da awon tsohon. Baba ya fesa gefe guda na gona, fure ya ƙone ya zube. Sauran gonar na jiran feshi, tsutsa kuma ba ta jira. Ba shi kaɗai ba ne, haka manoma da yawa suke daga Tsiga har Dandume, kuma babu wayar da za a kira a gargaɗe su. Baba ya ba ni kwalbar sabon maganin ya ce in kai wa Najiba.

Gyaran bai ɗauke su lokaci ba. Talha ya karanta jikin kwalbar, ya sa sabon awo, ya umarci magini ya gina. Magini ya tafi neman ma'ajiya, babu hanya, ya tsaya cik. Ya sake gwadawa, haka. Inda ake samun sabis da nisa, hanyar kuma ba ta da lafiya.

Yaya Najiba ta gyara mayafinta ta ce, "Miƙo gyaran nan."

Ta hana magini leƙa waje, ta nuna masa rumbunta, wato kwafin guntayen da ta ajiye a kwamfutarta. Muka zuba wa allo ido, rubutu na gudu, ni ban san me yake cewa ba, ina ta salati a zuci. Can sai Talha ya miƙe ya cire hula.

"Hajiya Rumbu, na tuba. A sammini iri."

"Sai ka yi mini noman gayya," ta ce, tana dariya.

A wayata aka fara sa sabuwar manhajar. Ranar kasuwar Tsiga na tsaya kusa da masu sayar da magani, ina tura wa mutane waya zuwa waya ta bulutut, tunda shi ba ya buƙatar sabis, wanda ya samu ya tura wa na kusa da shi. Masu babura suka kai ta ƙauyuka. Baba ya fesa sauran gonar da awon daidai. Da kaka, sai da muka ari buhuna a maƙwabta. Baba ya aika wa Najiba wake, ya ce a gaya mata Allah ya yi mata albarka, ya janye maganar da ya taɓa yi cewa aikinta danne-danne ne.

Da na kai mata waken, ta ɗauko wani ɗan filas na kwamfuta ta ƙulle a gefen gyalena.

"Ƙanwata, ki kai wannan Tsiga, ki sa a adakar Inna. Duk abin da ke rumbuna yana ciki. Kar ki ba kowa aro, ko Talha ne ya zo da kuka. Ba a tara iri a ɗaki ɗaya."