Dutsen da ta naɗe a tsumma

Ban san wanda ya fara kiran aikinmu gashin ƙashi ba, amma har yau ina jin haushinsa. Da na kama ɗaki biyu a Gwadangaji na buɗe wurina, mai walda ya yi mini ƙarafa biyu na dafawa a koyi tafiya, na sayi gado da fitilar ɗumama jiki. Fitilar nan ita ce likita a wurin mutane. Ka yini kana lanƙwasa gwiwa kana miƙewa, in ba ka kunna ta ba sai a ce ba a yi komai ba.

Wani dattijo manomin albasa yakan zo daga Argungu tare da matarsa. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, ga ciwon suga, ƙafar ko ka tsikare ta da allura ba ya ji. Burinsa ya taka da kansa zuwa fadama kafin a gama dashe. Ya kuwa ɗauko hanya, don har ya fara jan ƙafar tsakanin ƙarafan nan yana yi mini tsiya wai na fi ƙunar rani mugunta. Na so mutumin nan ƙwarai.

Ban taɓa kunna masa fitila ba, kuma na gaya musu dalili: wanda ba ya jin zafi ba a kai masa zafi. Matar ta ce, "To likita, nan ba wurin gashi na ba?" Na sake bayani, ta ce to. Irin to ɗin da ake yi wa yaro don ya yi shiru.

Wata rana ina cire masa safa wari ya buge ni. Tafin ƙafar ya saluɓe, gefensa ya yi baƙi. Ashe kullum da safe matar takan saka ɗan dutsen niƙa a murhu, ta naɗe shi a tsumma, ta danna masa a ƙafar, don ta cika aikin da take ganin na rage. Shi kuwa yana kwance yana sa mata albarka. Na tura su babban asibiti a ranar. Aka yi ta wankin ciwon, abin ya ƙi, aka yanke ƙafar ƙasa da gwiwa.

Da na je duba shi, matar ta fita ɗebo ruwa. Ya kamo hannuna ya ce, "Ɗana, an hwaɗa mata suga ta ac ci ƙahwar. Bar ta hakanan. In tas san dutsen nan na, ba ta ƙara barci."

Na yi niyyar yin shiru, Allah ya sani. Sai ta dawo ta zauna a bakin gado, ta ɗora hannu a kan ƙafar dama tana shafawa, ta ce, "Likita, wagga da tar rage sanyi gare ta ita ma. In mun koma gida zan riƙa gasa ta da wuri, kada ta bi 'yar'uwarta."

Na dubi dattijon. Ya girgiza mini kai a hankali. Raina ya ɓaci, da ita, da shi, da kaina.

Na ce, "Inna, dutsen ne ya ƙona waccan. Kada ki ƙara kai wa wannan wuta."

Ba ta yi kuka ba. Ta janye hannunta daga jikinsa, ta sa shi cikin mayafi. Dattijon ya juya fuska bango, ya ce, "Allah shi isam min, likita."

Na ji labarin yana nan da ƙafarsa ɗaya lafiya lau. Bai sake zuwa wurina ba.