Kankanar da nake kai wa Baba

Shekarun baya, lokacin da ƙodar mahaifina ta daina aiki, ni ce na naɗa kaina 'yar sandan ruwa a gidanmu. Sau biyu a mako muke kai shi wankin ƙoda a nan Minna. Likita ya ce ƙaramar gora ɗaya zai sha a yini, don abin da ya wuce haka a jikinsa zai taru, har ya kai huhu. Kafin a haɗa shi da inji sai ya hau sikeli a ga nauyin ruwan da ya tara.

Na fitar da randa daga ɗakinsa, na sa wa firji kwaɗo. Ga zafin bazara, leɓensa duk ya tsage. Tausayi ya sa kullum in na taso aiki sai na biya Kasuwar Kure na sayo masa kankana, ya ɗan jiƙa maƙoshi.

Amma sikeli sai hawa yake. Ƙafafunsa suka kumbura, takalmi ya ƙi shiga, numfashinsa ya koma sama-sama. Hankalina ya tashi matuƙa. Ba wanda ban zarga ba, har mahaifiyata. Abin da ya fi ba ni kunya yanzu, sai da na riƙa tsayawa a kansa yana alwala, ina kallon maƙogwaronsa in ya kurkure baki.

"Uwata, har alwalar ma?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci.

"Baba, wani ne ke ba ka ruwa, kuma sai na gano shi."

Ya ci gaba da alwalarsa.

Ranar wata Talata muka isa asibiti da ƙyar yake magana. Ya hau sikeli, wata nas ta dubi lambar, ta dube ni, fuskarta ta canza. Nan da nan aka haɗa shi da inji aka sa masa iska. Ina zaune sai ta hango ledar da ke cinyata.

"Hajiya, mene ne wannan?"

"Kankanarsa ce. Kullum nake ba shi, tunda an hana shi ruwa."

Ta dafe kai. "Kankana ai ruwa ce zalla! Kuma tana iya taɓa masa zuciya."

Awa huɗun da ya yi a kan inji ban ɗauke ido daga ƙirjinsa ba. Da numfashinsa ya daidaita na durƙusa ina kuka ina ba shi haƙuri. Ya yi murmushi ya ce, "Ni fa na sani, Uwata. Ƙishi nake ji, kuma ke kika kawo."

Ya ƙara shekaru tare da mu kafin Allah ya karɓi abinsa. Tun ranar na koyi tambayar nas kafin in kai masa ko lemo. Amma har yau ba kankanar ke damuna ba. Tsayuwar nan ce da na yi a kansa yana alwala, ina neman mai laifi, alhali ledar tana hannuna.